Guntun Mazarƙwailar Inna

Ranar da na sauka a tashar Tudu, a tsakiyar birnin Akra, ina da akwatin ƙarfe da tabarma da girman kai wanda ya fi su nauyi. Kafin la'asar girman kan kaɗai ya rage mini.

Gana ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin, kuma labarin da ke isowa ƙauyenmu ta wajen Maƙarfi shi ne a can ko rago yana ɗinka babbar riga. Ni kuwa ɗan mai mazarƙwaila ne. Tun ina ƙarami nake bin bayan doki yana zagaya injin matsar rake, nake kwashe kumfa a bakin kasko har idanuna su yi ja, nake kallon mahaifina yana marmasa ɗan guntun ta jiya a cikin sabuwa yana bismillah kafin a juye. Na gaji. Na rantse ba zan sake tsayawa gaban tukunyar zaƙi ba har abada. Ku riƙe wannan rantsuwar, za ku ga yadda Allah ya yi da ita.

A tashar wani mutum ya tare ni, farar riga tas, carbi a hannu, Hausa a bakinsa kamar jiya ya baro Zariya. Ya ce kakarsa ma Bazazzagiya ce, don haka ni ɗan'uwansa ne, zai kai ni wurin mai unguwar Hausawa. Ya karɓi akwatin da tabarmar ya ɗora a kansa, wai a nan baƙo ba ya ɗaukar kaya. Na ce a raina, lallai ƙasar nan ta ci gaba. Da muka iso bakin wani masallaci ya ce in shiga in yi azahar, shi ya riga ya yi, zai jira ni a inuwa. Ina kyautata zaton har yau yana neman inuwar.

Na laluba aljihuna. Abin da na samu 'yar batta ce ta ƙarfe, irin ta masu taba, wadda Inna ta cusa mini da zan taho. A ciki akwai curin mazarƙwaila ɗaya daga kaskon gidanmu. Lokacin da ta ba ni har tsaki na yi, na ce mutum zai tafi ƙasar sukari a haɗa shi da wannan. Ran nan a bakin masallacin na gutsura na sa a baki, sai ga hawaye. Ban yi niyyar kuka ba, da kansa ya zo.

Daga nan sai unguwar Adabraka. Dako na shiga yi, abin da suke ce wa kaya-kaya, ina kwana a barandar wani kantin yadi tare da wasu Zabarmawa. Ruwan ƙasar nan ba ya sallama, kuma iskar teku tana manne wa jiki, riga ba ta bushewa sai dai ta gaji ta yi tsami. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ga mai sayar da kenke, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo. Ran da na fara ci ta ga yadda na yamutse fuska, ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar, kullum na zo sai ta ɗora mini kan kifi a sama ba tare da na nema ba. Ba ta jin Hausa, ba na jin Ga, ban taɓa sanin sunanta ba, amma har yanzu ina sa ta a addu'a.

Duk ranar da kewa ta kama ni sai in gutsuri ta Inna. Kewa kuwa ba ta fashi. A haka curin ya ƙanƙance har ya dawo kamar ƙwayar gurjiya. Da na ga haka tsoro ya kama ni, na ji kamar in ya ƙare to ni da gida mun rabu ke nan. Na daina ci. Sai dai in buɗe, in shaƙa, in rufe da sauri kada danshi ya shiga.

Wata Juma'a Zabarmawan suka ja ni unguwar Nima sallah. A can na fara jin ƙamshin ƙosai da koko, na ga rufin kwano ya hau kan rufin kwano, na ji Hausa iri-iri, wata ma sai na kasa kunne sau biyu kafin in yarda Hausa ce. Bayan an idar, ina cikin neman takalmina, wani tsoho mai farantin alewa fara da baƙa ya kira ni.

"Kai, zo nan. Miƙo hannun."

Na miƙa ina tsammanin sadaka zai ba ni, har na fara haɗa fushi. Sai ya juya hannuna yana duban 'yan tabon ƙunar da ke warwatse daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwa.

"Wannan ba wutar girki ba ce. Maɗi ne ya fantsamo maka. Rake ko ɗinya?"

"Rake, Baba."

"Wane gari?"

Na faɗa masa. Ya shiga kora ƙuda daga farantinsa, ƙudan da babu shi.

"Ni mutumin Hunƙuyi ne," ya ce. "Tun ba a haife ka ba na biyo fataken goro, ban koma ba. Ɗauki farantin nan, mu je."

Wannan shi ne Baba Inuwa. Ya kai ni unguwar Mamobi, cikin wani gidan haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, inda Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarma ke shanya a igiya guda. Matarsa Mma Adisa, Badagomba ce mai jiki da murya, tana wankin tukwane ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Baba Inuwa, mi ka kawo kuma? Wancan wata akuya mai ciwo, yanzu wannan. Duba wuyanshi. Shi ya ci abinci?" Ta juyo gare ni. "Kai, zaka nan, zauna. Nan gida ne, ba kunya."

Ta zuba mini wake da shinkafa irin nasu har ya yi tozo, ta tsaya a kaina sai da na suɗe kwanon. Allah bai bar musu ɗa ba, daga baya na ji. A daren farko ta share mini lungun da ake ajiye itace, ta shimfiɗa tabarma, ta ce akuyar ma a nan ta warke.

To ga rantsuwata. Bayan kwana kaɗan ina tsaye gaban tukunyar zaƙi.

Tukunyar farko da Baba Inuwa ya bar mini in duba, ya zagaya bayan gida, ita ce ta koya mini hankali. Sukarin ya narke, yana tafasa garau kamar man gyaɗa. Na ga wani fari-fari ya bushe a gefen tukunyar. A gidanmu wannan asara ce, kankarewa ake yi a mayar ciki, a buga da muciya da ƙarfi. Na ce bari in nuna wa tsohon nan an haife ni a bakin kasko. Na kankare, na jefa, na tuƙa. Daga daidai inda ɓarɓashin ya faɗa sai na ga wani gajimare ya taso a cikin ruwan, ya fara yaɗuwa. Kafin in ce me ke nan, ya ci tukunyar gaba ɗaya. Abin da ke sheƙi ya koma dunƙulen yashi, muciyar ta tsaya cak a tsakiya.

Baba Inuwa ya dawo, ya leƙa, ya dube ni. Na shirya jin zagi, har na tanadi amsa.

"Hannun mazarƙwaila," ya ce, ya fashe da dariya. "Wallahi hannun mazarƙwaila! Adisa, zo ki ga yadda ake yi a garinmu."

Da ya gama ya zaunar da ni a kan turmi.

"Haruna, sukari in ya narke, kowace ƙwaya yawo take ita kaɗai, kamar kai a Adabraka. Wuta ta cinye ruwa, wuri ya matse musu, kowa yana so ya zauna amma ba mai farawa. Biyu su haɗu, su rabu. Uku su haɗu, su rabu. Ido ba ya gani, amma ana ta yi a ciki. Ka taɓa ganin mutum ɗaya ya tsaya a Tudu yana kallon ƙasa? Ture shi za a yi a wuce. Amma bari su kai 'yan kaɗan da turewa ba ta raba su, yanzu ka ga tasha kaf ta taru a kansu. Farawar ce da wuya. Kai kuwa ka kankaro musu taro shiryayye ka jefa musu."

"To Baba, mu a gida ai haka muke yi."

"Ku taron kuke nema, shi ya sa kuke bugu. Mu masu alewa hana taro muke yi."

A haka na koyi sana'ar da ta zama kishiyar ta ubana. A matsa lemun tsami tun farko. A riƙa goge gefen tukunya da jiƙaƙƙen ƙyalle. A rufe na ɗan lokaci tururi ya wanke bango. In ta fara tafasa, muciya ta koma rataye. Ko Mma Adisa ba ta da izinin kaɗe zanenta kusa da murhu in ta auna sukari, kada ƙwaya ta faɗa tukunya, kuma wannan doka ita ce ta fi kowace haddasa faɗa a gidan. Sai a juye a kan faranti mai mai, a rataya a ƙugiya, a yi ta ja ana ninkewa har ta yi fari. Hannun Baba ya fara rawa, don haka ja ya dawo kaina, shi yana zaune yana gyara mini da baki. Ina son tsohon nan. Ban taɓa gaya masa ba, don a lokacin ba a faɗar irin wannan, amma ina son shi kamar uban da ya haife ni.

A damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka kai shi asibiti, aka ba shi magani, zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinsa. Ba abin da Mma Adisa ba ta dafa ba. Tuwo da miyar ayoyo, farfesun kifi, koko mai citta. Ya kai baki, ya kawar da kai. Mutum yana narkewa a gabanmu, zoben azurfarsa har faɗowa yake daga yatsa. Ma'aikaciyar asibitin ta gaya wa Mma a fili, in bai ci ba, magani ba zai riƙe shi ba.

Wani abu kuma da na lura, Hausarsa ta canza. Ta Zango, irin ta Hausawan nan, ta zube, ta Hunƙuyi ta dawo, yana kiran sunayen fadamu da mutanen da suka daɗe a ƙasa. Wata safiya Mma ta fito daga ɗakin ta ja ni gefe.

"Haruna, mi ne wannan mazar-mazar? Kullum shi yana faɗi. Wai kunu da mazar-mazar, shi zai sha."

Na zagaye Nima, na koma Tudu wurin direbobin da ke zuwa daga arewa. Babu. Suka ce wa zai ɗauko mazarƙwaila da damina ta narke masa a hanya. Na tuna da battata, amma abin da ke ciki ba zai zaƙaƙa ko ludayi ɗaya ba, kuma ba lasa tsohon yake bukata ba, abin da zai riƙa shan kunu da shi kullum yake bukata. Ya zama dole in yi da kaina.

Na farko na yi da raken kasuwa, wanda ya kwana biyu a yashe. Ya dahu, ya yi kauri, ya tsaya a maɗi mai ɗan tsami, ya ƙi kamawa ƙememe. Baba ya ɗanɗana don kada in ji kunya, ya ce Allah ya yi albarka, ya juya fuska bango. Na fita tsakar gida na zauna.

Wata maƙwabciyarmu Bakotokola ta ce ta wajen garin Nsawam akwai masu rake a bakin kogi. Na bi motar asuba. Manomin da na samu ya sare mini a gabana, ya zaɓo waɗanda suka nuna, da ya gane na marar lafiya ne ya ƙara mini dami ya taya ni kaiwa bakin titi. Na iso Mamobi rana tana tsaka. Babu inji, babu doki, sai turmi. Matan gidan nan kaf suka fito. Wasu na ferewa, wasu na daka, wasu na matsewa a ƙyalle, ana ta surutu da harshe huɗu, Mma Adisa tana ba da umarni da duka huɗun.

Na ɗora ruwan raken a wuta. Na jefa 'yar kanwa saboda tsami, na zuba ruwan kuɓewa ya tattaro datti, na yi ta kwashe kumfa. Ƙamshin ya tashi, irin wanda na gudo wa, sai ga shi ina shaƙa kamar mayunwaci. Da na ɗiga a ruwan sanyi ya dunƙule a yatsana, na sauke, na kama bugu.

Na buga. Na buga har kafaɗata ta fara kuka. Abin nan yana kallona, baƙi wuluk, yana sheƙi, yana bin muciya sumul. Ko alamar gajimare babu. Ni da na lalata tukunyar alewa da kankara ɗaya, yau ina roƙon yashi ya ƙi zuwa. Gefen tukunyar ma tas yake, don hannuna ya saba, tun tana wuta nake gogewa da jiƙaƙƙen ƙyalle ban sani ba. Hannun alewa ya ci amanata. Kuma tana hucewa. In ta huce a haka, mun sake yin maɗi, rake ya ƙare, tsoho kuma ba shi da sauran kwanakin jira da yawa. Mma Adisa ta matso kusa da ni, muryarta ta yi ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

"Ɗana, shi ba zai kama ba?"

A nan hoton mahaifina ya faɗo mini, yatsunsa a kan kasko, yana marmasa ta jiya. Mu duk zatonmu neman albarka ne kawai. Ashe taro yake jefa musu.

Na ba Mma muciyar, na ciro battar daga aljihu. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya tsaya. Wannan ƙwayar ita ce gidanmu, ita ce Inna, ita ce abin da ɓarawon Tudu bai samu ba. Na shaƙa sau ɗaya. Na murtsuke ta tsakanin yatsuna, na yi bismillah, na barbaɗa, na karɓi muciyata.

Da farko ba abin da ya faru. Sai can a inda garin ya sauka na ga sheƙin ya ɗan dushe, kamar an hura wa madubi numfashi. Na ja muciya ta wurin, dushewar ta bi ta, ta yi layi. Na sake ja, layin ya haihu. Ƙarar muciyar ta canza, ta bar sulɓi ta fara ƙaras-ƙaras a gindin tukunya. Baƙin ya fara washewa yana komawa ja-ja, kalar ƙasar gonarmu. Tukunyar ta yi nauyi a hannuna.

"Kwanoni!" na yi ihu. "Ku kawo kwanoni!"

Aka rugo da gwangwanayen madara da ƙananan tasoshi, har da murfin tulu. Muka juye da gaggawa tana kamawa a bakin ludayi. Wata Bamosa ta rangaɗa guɗa, Mma ta daka mata tsawa wai akwai marar lafiya, alhali ita ma hawaye take sharewa da gefen mayafi.

Ta dama kunun gero, ba ta sa komai ba. Na ɓantaro daga curin farko, da sauran ɗuminsa, na marmasa a ciki, na kai masa. Baba Inuwa bai karɓi ƙoƙon ba tukuna. Ya miƙo hannu ya karɓi ragowar curin, ya kai hanci, ya rufe ido ya daɗe. Sannan ya ce in tashe shi zaune. Ya sha a hankali, ludayi bayan ludayi. Da ya kai ƙasan ƙoƙon ya miƙo mata.

"Adisa, wannan ɗan kunun ne kika dama? Rowa kike yi mini?"

Bayan ya fara fitowa baranda shan hantsi, Mma ta ba shi labarin battar, da ƙari da gishiri. Ya saurara, sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Haruna, Haruna. Ga buhun sukarin kanti a ɗaki. Da tsunkule ɗaya ka jefa, da ta kama. Ƙwayar ai iri ɗaya ce. Ban gaya maka ba tun ran da ka kashe mini tukunya?"

Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye. "Baba, wato a banza na..."

"Zauna." Ya kama hannuna, daidai wurin tabon. "Tukunya ba ta san bambanci ba. Ni na sani. Kawo battar."

Ya ɓantari wani guntu daga sabon curi ya sa a ciki, ya rufe, ya mayar mini a aljihu.

"Ta innarka ba ta ƙare ba. Tana cikin kowanne."

Ya ƙara shekaru masu kyau a duniya. Muka riƙa yin mazarƙwaila lokaci-lokaci, 'yan arewa na zuwa nema har daga Adabraka, kuma kowace dahuwa da guntun ta baya nake tayar da ita, duk da buhun sukari yana nan a ɗaki, duk da tsiyar da tsohon yake yi mini a kai. Da hannuna na sa shi a kabari.

Da na koma gida ganin Inna, ta tsufa, ido ya yi rauni. Na sa mata battar a tafin hannu. Ta shafa ta, ta gane ta, ta buɗe, ta gutsura.

"Mutum ya tafi ƙasar sukari," ta ce, "ya dawo mini da wannan?"

Ta ce kanwa ta ɗan yi yawa. Sannan ta rufe battar, ta ƙulle ta a bakin zanenta, ba ta sake ba ni ba.